Shaɗara Ɗaya a Wasiƙar Arzika

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake ganin abin da hannu ya rubuta, yake kuma ganin abin da zuciya ta ɓoye a bayan rubutun. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ni Ibro, mutumin Tamaske, zan ba da labarin zamana a Kurmi, da abin da ya shiga tsakanina da taubashina Sha'aibu. Na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake wani wuri, yau kuwa ba zan tsallake ba.

Sha'aibu ɗan kawuna ne, Malam Habibu na Babankatami, kuma a zauren Kawu muka yi karatu tare. A hannu na fi shi nesa. Kawu yakan ɗaga allona ya nuna wa baƙi. Na Sha'aibu kuwa, kamar tururuwa ta faɗa cikin tawada ta fito tana neman hanya. Da wannan sanin na bar Adar, ina ganin duk inda alƙalami zai ciyar da mutum, ni zan fara ci, shi ya samu ragowa.

Ba zan tsaya kan fitarmu ba. Rumbuna ba su sake cika ba tun shekarar fara, ga lanho, harajin Nasara, ga aikin dole, sai muka bi sahun masu kudu.

A Gaya, bakin Kwara, aka fara cutarmu. Wani mutum mai hular Nasara ya tare mu ya ce ba mai wuce ƙasashen gaba sai da takardar wucewa. Ya zaro wata mai rubutun boko da jan hatimi a ƙasa. Muka ba shi bargon Sha'aibu da sabon takalmina. Na naɗe takardar nan cikin gafakata tare da alƙalumana, ina kāre ta daga raɓa har Sansanin Mango. A can wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya karɓa, ya duba, ya kira abokinsa suka yi ta dariya. Ashe takardar awon auduga ce ta wani ɗan kasuwa. Mu biyu masu karatu, an sayar mana da abin da ba mu iya karantawa.

Ni dai na yi ta tsine wa mai hula. Sha'aibu kuwa sai da muka fita garin, sannan ya ce, "Ibro, ka ga yadda munka ji? Hakanan wanda bai iya ajami ba ka ji in ya riƙa takardarmu. Ni daga yau duk wanda ni rubuta ma wasiƙa sai na karanta mai ita, shi ji da kunne nai."

Na ce, "Kai dole ne ka karanta, don ba wanda za shi iya karanta hannunka sai kai."

A Salaga kurkunu ya fito mini a idon sawu, na kwanta kwana ashirin a wata rumfa. Wata tsohuwa Badagomba, wadda ba ta jin Hausa ni ma ba na jin yarenta, ita ta riƙa naɗe tsutsar a ɗan tsinke kullum da safe, ta kawo mini koko a ƙwarya, ta zauna har in shanye. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata. Sha'aibu ne ya ciyar da mu a kwanakin nan, yana rubuta wa fataken goro wasiƙu. Daga inda nake kwance ina jin dariyarsa da su. Ya kawo abinci in ci, ina ci ina jin haushin cewa da mummunan hannun nan aka samo shi.

Muka haye ruwa a Yeji muka shiga daji. Mutumin Adar ya saba ya hau tudu ya hango gari uku. A can itatuwa sun rufe sama, rana ba ta taɓa ƙasa, takarda tana yin laushi a gafaka kamar ganye. Babu fura, sai rogo da ayaba. Na yi kewar duwatsun garinmu waɗanda dā nake zagi in sun fasa mini ƙafa.

A zangon Kumasi muka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin wani mangwaro, tsakanin masallaci da hanyar kasuwar shanu. Ba mu da ubangida, duk wanda ya zo shi ne ubangidanmu na wannan sa'a. Ƴan Adar sun cika zangon, ƴan dako, masu aikin gonar koko, masu koro shanu, kowa yana da wanda yake so ya ji yana raye. Masu koro shanu su ne ke ɗaukar wasiƙu in za su koma arewa.

Watan farko tabarmata ce ke cika. Nakan buɗe wasiƙa da gaisuwa mai hawa bakwai, in ja baƙaƙe dogaye, in sa jan tawada a wasula. A raina malamin da zai buɗe ta a gida nake rubuta wa, don ya tambaya hannun wane ne wannan. Sha'aibu kuwa yakan bar alƙalami a ƙasa ya yi ta tambayar mutum kamar alƙali. In ya gama ya karanta masa, ya ce, "Abin da ka ce ke nan?" Sannan ya ɗaure wasiƙun gari-gari da zare, kuma ya san ranar da kowane ayari zai tashi.

Wata rana Arzika ya zo. Ɗan dako ne, mutumin Babankatami, ƙato mai saurin fushi. Ya tsuguna a gabana ya ce in rubuta wa yayansa Mamman, ya ji labari yana shirin haɗe gonarsa ta bakin kwari da tasa. "Rubuta mishi shi ɓarawo na. Rubuta in na zaka sai ɗayanmu ya kwanta."

Na rubuta, da kyau kuwa, har na samo masa kalmar Larabci ta macuci. Sha'aibu yana gefe yana feƙe alƙalami, sai ya ce, "Arzika, in wagga takarda ta isa, wa za shi karanta ta?"

"Malam Habibu mana, babanka."

"A ina?"

"Ƙohwar masallaci, bayan la'asar, kamar kullum."

"Su wa ka zamne?"

Arzika ya fara lissafa dattawan gari, ya zo kan surukinsa ya tsaya. Haka al'adar take a wajenmu. Wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Malam ne ke karantawa da ƙarfi, kuma duk wanda ya yi salla ya ji.

Sha'aibu ya ce, "In anka kira Mamman ɓarawo gaban jama'a, ba shi da sauran kunyar da za shi tsare, sai shi riƙe gonar. Kai zagi kaka so, ko gona?"

"Gona."

Sai ya jawo takarda ya rubuta shaɗara huɗu kacal. A ta uku ya ce: ina gaida yayana Mamman da ke tsare mini gonata ta bakin kwari har in dawo, jama'a ku taya ni yi masa godiya. Ya karanta wa Arzika. Ƙaton nan ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ya ɗauki ta Sha'aibu ya bar tawa a tabarma, da jan tawadarta da komai. Bayan wata biyar amsa ta zo cewa Mamman ya kewaye gonar da ƙaya, yana gaya wa kowa ta ƙanensa ce.

Daga nan tabarmata ta fara yin sanyi.

Akwai wani Maigida Sanda, Bagobiri, wanda masu shanu ke sauka a gidansa, shi ke tsaya musu har su sayar. Yakan zauna a kan benci kusa da mu yana cin goro. Da aka ce dillalinsa ya tsufa yana neman wani, sai na sa a raina ni ne. Na rubuta masa addu'ar buɗin kasuwa da mafi kyawun hannuna na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai rataya a zaure. Washegari ya kira Sha'aibu.

Na kasa haƙuri na ce, "Maigida, Sha'aibu bai san saniya ba sai a tukunya."

Ya ce, "Malam Ibro, shanu ni na san su. Mutane ne ke ba ni wahala. Na ga yadda ya yi da Arzika."

Na bi su kasuwa wata safiya, na ce wa kaina kallo zan yi, alhali so nake in ga ya kunyata. Na tarar da wani Bafillace mai suna Jaɓɓo da wani mahauci Ba'asante suna ta hayaniya a kan shanu biyar, kowa da yarensa, sanduna sun fara tashi. Sha'aibu ya ja Jaɓɓo gefe ya yi ta tambayarsa, daidai yadda yake yi a gindin mangwaro. Ashe ba kuɗin ne ya ɓata masa rai ba. Mahaucin ya taɓa wata saniya mai jan wuya, ita kuwa ba ta sayarwa ba ce, ta uwarsa ce, ya biyo da ita ne don ita ke jan garken. Mahaucin shi kuma ya ɗauka ana so a janye mafi ƙiba bayan an gama magana. Sha'aibu ya dawo tsakiya, ya faɗi maganar kowa a gaban kowa, a taƙaice, ya cire zagin. Ya juya wajen Jaɓɓo ya ce, "Abin da ka ce ke nan?" Ya juya wajen mahauci ya tambaye shi da ƴan kalmomin Asante da ya tsinta. Suka tafa. Na gane kowane mataki. Wasiƙa ce ya rubuta, ba takarda ba tawada.

Da na ga haka ya kamata in yi hamdala. Sai na koma tabarmata ina jin haushi.

Cikin shekara guda Sha'aibu ya yi riga mai aska biyu, ana kiransa sulhu har unguwannin da ba na Hausawa ba. Bai canza mini fuska ba. Kullum in zai wuce sai ya ce, "Sarkin alƙalami, an tashi lahiya?" Ya aiko mini da nama. Ina ci ina cewa a raina, wanda Kawu bai taɓa ɗaga allonsa ba. In na yi salla na roƙi Allah ya cire mini abin, in na sallame na hango rigarsa sai ya dawo. Har na fara gaya wa kaina ba hassada nake ba, kishin ilimi nake, ɗan malami ya ajiye alƙalami ya koma cikin kashin shanu.

Ranar wata Laraba, ana jibi ayarin masu shanu na garin Buza, can wajenmu, zai tashi, Arzika ya zo. Yanzu ni kaɗai ne a gindin mangwaro. Gaisuwa ce kawai zai aika, da labarin yana nan tafe bayan kaka. Na rubuta abin da ya ce. Takarda ta rage sarari a ƙasa. Na san hannun da zai buɗe ta, na san ƙofar masallacin, na san su wa ke zaune. Sha'aibu ne ma ya koya mini in yi wannan tunani. Sai na ƙara shaɗara ɗaya, da bakin Arzika: kuma muna sanar da Malam cewa ɗansa Sha'aibu ya bar karatu, yana yini cikin mahauta yana rantsuwa a kan dabbobi.

Kawu mutum ne da bai taɓa yarda a rantse a zaurensa ba. Da ya karanta wannan da bakinsa a gaban jama'a, da Sha'aibu ba shi da fuskar shiga Babankatami. Na sani sarai lokacin da nake rubutawa. Ban taɓa jin Sha'aibu ya rantse ba.

Na naɗe na miƙa wa Arzika. Ya tsaya yana jira.

"Malam, ba ka karanta min ba."

"Abin da ka ce na rubuta. Tahi, ina da aiki."

Ba ni da aikin komai. Ya tafi yana juya takardar a hannu.

Abin da na manta shi ne, har a lokacin Sha'aibu ne ke ɗaure wasiƙu gari-gari ya ba masu ayari, kuma ya riga ya saba wa mutanen zango da jin wasiƙarsu da kunne. Arzika ya kai masa ya ce taubashinka yau ya yi rowar karatu, karanta min.

Bayan azahar na hango Sha'aibu tafe, shi kaɗai. Ya cire takalmi ya zauna a tsohuwar tabarmarsa, wadda ban naɗe ba tun tafiyarsa. Ya ajiye wasiƙar a tsakaninmu. Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Na karanta ma Arzika. Na tsaya inda maganatai ta tsaya. Na ce mishi tawada ta zuba a ƙasa, za ka sake mai wata."

Ya buɗe takardar a gabana, ya ci gaba.

"Hannun ya yi kyau, Ibro. Ko shaɗarar ƙarshe ta yi kyau. Amma ba tashi ba ce. Mutum ya zo ya ba ka bakinai aro, ka sa mishi maganar da bai yi ba? Mi ar raba ka da mai hular Gaya?"

Wannan ta fi mari. Na ce, "Ni Kawu ka ɗaga allona."

Ya ce, "Na sani. Ina nan zamne ina kallo, shekara tara. Kana tsammani ban ji komi ba?" Ya ɗan yi murmushi. "Da na ga ba ni kamo ka a hannu, sai na koma ga kunne. In kana da magana a kaina, rubuta taka, ka sa sunanka. Ni da kaina zan ɗaure ta in ba masu tahiya."

Ya tashi ya sa takalmi. Na sake wa Arzika wasiƙarsa, na karanta masa ita tun daga bisimilla har amin. Tsohuwar takardar kuwa na wanke ta a ƙwarya na zubar da ruwan a gindin mangwaro. Tawa wasiƙar ban rubuta ba. Da na zo sa sunana sai na ga ba ni da abin faɗa.

Sha'aibu bai sake tayar da zancen ba, ko da wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce bai tsokane ni ba. Yaƙin Turawa ya zo, hanya ta yi wuya, muka ƙara shekaru. Ni ma na fara ajiye alƙalami ina tambayar mutane wa zai karanta, su wa ke zaune, mene ne ainihin abin da suke so. Tabarmata ta sake cika. Ba zan ce hassadar ta tafi ba. Ta dai koma kamar tabon kurkunu, tana motsi in an yi sanyi.

Da hanya ta buɗe na yi shirin gida. Sha'aibu ya yi iyali a can, ba zai taho ba. Ya raka ni har bakin gari, ya ba ni goro da turmin zane na gidansu, sannan ya miƙo mini wasiƙa, ba ɗauri ba liƙi.

"Ta baba ce. An ce idanunai sun tahi, kai za ka karanta."

Wata biyu tana cikin gafakata ban buɗe ba.

Na isa Babankatami ranar Alhamis. Bayan la'asar aka zaunar da Kawu a ƙofar masallaci, ya tsufa ƙwarai, idanun sun yi fari. Dattawa suka kewaye, har da Arzika da yayansa Mamman a gefe guda. Na buɗe takardar. Tururuwar nan ce dai, shaɗara biyar. Ba mai iya duba ni a wurin, abin da na faɗa shi ne wasiƙar.

Sha'aibu ya gaida mahaifinsa da jama'a. Ya ce shi dillalin shanu ne, yana yini cikin mahauta, kuma abin da ya koya a zauren babansa da gindin mangwaro da shi yake ci. Sannan ya ce: mai kawo wannan takarda Ibro ne, ba a yi hannu kamar nasa a zango ba, kuma ya iya jin maganar mutum biyu ya mayar wa kowa tasa ba ƙari. In manomi da makiyayi sun saɓa, ku zaunar da shi a tsakani.

Na zo kan "ba ƙari". Na tsaya, na sake karantawa, na ƙarasa. Daga wannan shaɗara ce aka fara kirana sulhun ɓarnar gona, daga Babankatami har Tamaske da rugagen da ke tsakani, kuma shi ne aikina har na tsufa. In na gama jin kowa nakan ce, abin da ka ce ke nan? Mutane suna cewa dabarar Malam Ibro ce. Na sha yin shiru in bar su.

Kawu ya miƙo hannu na sa masa takardar. Ya shafa ta da yatsa kamar zai ji baƙaƙen.

"Ibro."

"Na'am, Kawu."

"Hannun yaron ga, ya gyaru kuwa?"

Na ce, "Bai gyaru ba, Kawu. Ya ma ƙara lalacewa."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye, jama'a suka taya shi. Ni ma na yi, kuma Allah ya gani, daɗin da na ji a wannan amsa ya fi wanda ya kamata. Ina neman gafararsa a kan wannan, da kan shaɗarar da na wanke. Ya ji ƙan Kawu, da tsohuwar Salaga, da Sha'aibu wanda ƙasar Kurmi ta rufe. Wasiƙarsa tana nan a gafakata, har yau in na buɗe sai na ga wuraren da zan gyara masa.